Irin amla ya ƙi fitowa, don Allah a ba ni shawara

Maman Biyu, Rigasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Amla nake son shukawa, ɗan itacen nan na Indiya da ake sa garinsa a man gashi. Haɗa man nake ina sayarwa, garin kuma kullum tsada yake ƙarawa, wani ma ba ka san me aka cakuɗa masa ba. Ƙanin maigidana ne ya raka mahaifiyarsu asibiti a Indiya, da ƙyar na shawo kansa ya taho min da 'ya'yan, har da ƙorafin nauyin kaya. Na cire tsokar, na shuka ƙwallayen a leda a bayan ɗaki, na zuba taki sosai, ruwa safe da yamma ba fashi. Wata ya wuce, biyu kawai suka leƙo, su ma suka kwanta. Maigida ya fara cewa in kwashe ledojin zai ajiye babur. Ƙwallo kaɗan ya rage min. Ya zan yi?

Mai Gandun Kawo: Wa alaikumus salam. Hajiya, ƙwallon kika binne gaba ɗaya? To matsalar ke nan. Ƙwallon nan gida ne, irin yana ciki. Ɗakuna uku ne, kowanne yakan ɗauki iri biyu, shida ke nan idan ya cika. Ki shanya sauran a rana a faranti, ki rufa tsumma mara kauri, don idan ya bushe da ƙarfi yake tsagewa ya watsar da irin. Wanda ya ƙi tsagewa ki ɗan matsa shi da filaya ta wajen layin, ban da turmi. Irin ƙanana ne, ruwan ƙasa. Ki zuba su a kofin ruwa: wanda ya taso sama fanko ne, ki zubar. Wanda ya nutse ki bar shi ya jiƙa awa 24, ki tsane ki shuka a ranar. Zurfin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kar ki wuce.

Maman Biyu: Malam, ai biyu sun fito a hakan, kenan ƙwallon ba laifinsa. Ni ina ganin hunturun ne.

Mai Gandun Kawo: Biyu cikin nawa, Hajiya? Ba ki faɗa ba. Ba ki kuma faɗa mana ko nunannu ne aka kawo ba. Wanda aka tsinka da wuri irinsa bai ƙosa ba, kome kika yi masa ba zai tashi ba.

Ɗan Lambu, Rigachikun: Ki tafasa ruwa ki sauke, ki zuba irin a ciki su kwana. Haka ake wa duk iri mai taurin baya.

Mai Gandun Kawo: A'a ɗan uwa, wannan na gawo ne da bagaruwa. Irin amla ƙarami ne, tafasasshen ruwa zai iya dafa shi. In ma ɗumi ake so, wanda hannu zai jure ya isa. Abin da masu reno a Indiya ke amfani da shi sinadarin GA3 ne, mai zaburar da iri ya tsiro, rabin giram a litar ruwa, awa 24. Tsantsarsa ba ya narkewa da kyau a ruwa, sai an fara narkar da shi a ɗan cokalin sifirit. Idan wanda aka samu mai kashi 10 cikin ɗari ne, giram biyar za a sa a litar. Kar a ce bari a ƙara don ya fi aiki: tsiron zai zuƙe, ya yi tsawo siriri ba ƙwari.

Ɗan Lambu: To a ina za ta samo wannan a Rigasa? Wani abin da ke shagunan maganin gona ma kwanan watansa ya wuce. Talaka ne kullum a ƙasa.

Anti Mai Fulawa, Barnawa: 'Yar uwa, ni kwanciyar biyun nan ta fi damuna. Ki duba gindinsu daidai bakin ƙasa. Idan ya tsuke ya yi baƙi kamar an ɗaure shi da zare, ruɓar gindi ce, kuma yawan ruwa da ɗanyen taki ke kawo ta. Jar ƙasarmu ta Kaduna idan aka cusa ta a leda riƙe ruwa take, ta yi tauri a sama. Ki haɗa kwano ɗaya na ƙasar sama, ɗaya na yashin rafi, ɗaya na kashin shanu da ya ruɓe har ya daina wari. Ki huda ledar ta ƙasa da gefe. Kafin ki ba da ruwa ki tura yatsa, in da danshi ki bari. Kashin kaji ko takin zamani kada ya kusance su sai sun yi wata biyu.

Maman Biyu: Anti, da iskar nan ƙasar kafin azahar ta bushe ƙayau, shi ya sa nake ba su sau biyu. Takin kuma na kajina ne, shi nake sa wa zogale bai taɓa yin komai ba.

Anti Mai Fulawa: Sama ce ke bushewa, ƙasan ledar jagab yake. Ki yayyafa ɓuntun shinkafa a kai ki gani.

Mai Gandun Kawo: Ɓuntu yana jawo gara, a kula. Maganar hunturu kuma da gaskiyarta kaɗan: sanyin dare na Disamba da Janairu yana jinkirta fitowa. Ki jira ƙarshen Fabrairu ko Maris, ki yi musu rumfar zana mai shigar da rabin rana, idan irin na da rai cikin sati biyu zuwa huɗu za ki ga motsi. Dashe sai damina ta zauna, wajen Yuni ko Yuli, tazarar mita takwas. Sai dai ki sani, bishiyar da ta tashi daga iri takan kai shekara bakwai ko takwas kafin ta yi 'ya'ya, kuma ba lallai su yi girman na uwar ba. Shi ya sa a Indiya aure ake musu, wato a yanko idon reshen nau'i mai kyau irin su NA-7 ko Chakaiya a manna a jikin tsiron, a fara tsinka a shekara ta uku ko ta huɗu.

Ɗan Lambu: Kar ta jira Maris. Irin amla ba ya son ajiya, ƙarfinsa raguwa yake. Ta shuka yanzu, ta riƙa rufa farar leda da dare.

Mai Gandun Kawo: Leda a kan ƙasar da ta riga ta jiƙe? Ruɓar da Anti ta faɗa za ka ninka mata.

Maman Biyu: Shekara bakwai kuma? A bidiyon da na gani cewa aka yi uku. Kuma mita takwas a ina, gidan haya muke, a babban bokiti na yi niyyar barinta. Idon auren ma wa ke da shi a Kaduna? Yanzu dai in fasa ƙwallon ne ko in bar shi zuwa Maris? Malam, kana nan?