Neman shawara: ina zan samu tallafin zanen bango a Argungu?

Mai Burushi: Assalamu alaikum. Shekarata huɗu ina rubuta allunan shaguna da bayan motoci a Argungu. Akwai katangar wata firamare da nake wucewa kullum, tsawo mita 30, tsayi mita biyu da rabi, duk fastocin 'yan siyasa sun ɓata ta. So nake in zana masunta da homa da gora kamar ranar kamun kifi a Matan Fada. Hedimasta ya ce ba matsala. Kuɗi ne babu, kaina ya ɗaure. Ina ake neman tallafi?

Malamin Zane, Birnin Kebbi: Ƙanena, "ba matsala" ba izini ba ne. Firamare ta hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ce, ka samo takarda mai hatimi, ko an sauya hedimasta ba mai tsayar da kai. Sannan lissafi: bangonka murabba'in mita 75 ne. Kan filasta lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 8, shafi uku har da na ƙasa kusan lita 30, wato bokiti ɗaya da rabi, ban da kalolin zanen. Masu bayarwa kasafi suke fara dubawa: fenti, hayar tsani, ladan yara, ladanka kai kanka. Asusun Prince Claus na ƙasar Holan yana ba matasan masu fasaha 100 Yuro 5,000 kowanne, waɗanda ba su wuce shekara biyar da farawa ba. Tara hotunan aikinka goma masu kyau, ka riƙa leƙa shafinsu da na Goethe-Institut da British Council, cibiyoyin al'adu na Jamus da Birtaniya.

'Yar Gwandu: Malam, wannan da masu zanen duniya zai yi takara, kuma da Turanci ake cikewa. Kullum 'yan Legas da Abuja ke kwashewa, mu ko labari ba ma ji sai an rufe. Ya kai ƙaramin samfuri a takarda wurin hakimi da masu shinkafa, a sa sunansu a gefen zanen.

Malamin Zane: Ranki ya daɗe, ɗan kasuwa rabin bangon zai cinye da talla.

Na Jega: Ba wanda ya taɓo babbar magana. Hoton mutane a bangon makaranta, wasu iyaye ba za su yarda ba. Yi ruwa, kwalekwale, homa da dagin Arewa. Wane fenti za ka sa?

Mai Burushi: Mai mai, shi na saba da shi. Kuma ba masunta ai ba Argungu ba ce.

Malamin Zane: Mai mai na ƙarfe da katako ne. A siminti yana toshe damshi, damina ɗaya ya kumbura ya ɓare. Kankare fastocin, ka cike tsaga, in ka yi sabon filasta ka jira kwana 28. Fentin ruwa na waje za ka sa, kada ka shafa da tsakar rana ko ranar da hazo ya yi yawa, ƙura ke mannewa.

Mai Burushi: Allunana da mai mai har yanzu ba su ɓare ba, Malam. Takardar nan fa, in na je suka ce sai an tambayi jiha?