Masu injin yankan ciyawa mai igiya, ku zo mu ji yadda kuke fama

Baban Yara, Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Tunda ruwan Agusta ya zauna ciyawa ta cika muna bayan gida, ga ƙarangiya ga tsidau, yara ba su iya fita ba takalmi. Na sayi injin nan na ratayawa mai igiyar roba, to igiyar sai tsinkewa take ko minti biyar ba a yi ba. Waɗanda sunka daɗe da shi don Allah ku faɗa muna abin da kunka gani.

Ɗan Gawon Nama:
Wa alaikumus salam Alhaji. Zafin Sakkwato ne ke busar da igiyar, in ta daɗe a shago ko ka aje ta ƙarƙashin kwano sai ta yi ƙarau. Ka jiƙa ta cikin bokitin ruwa ta kwana ɗaya kafin ka naɗa, za ka ga bambanci. Sannan a daina kai ta jikin bulo da kwalbati, bakin igiyar kawai ke yanka, ba sai an danna kan injin ƙasa ba. Ni igiya mai kaurin milimita 2.4 nike sa wa, in ciyawa ta ƙosa mai 3.0.

Makanike, wajen Kara:
Ni abin da aka fi kawo min shago matsalar mai ce wallahi. Injin nan ba shi da wurin baƙin mai daban, cikin fetur aka haɗa shi, kuma 2T aka sawa, wato baƙin man da anka yi don haɗawa da fetur, ba baƙin man mota ko na janareto ba, amma sai mutum ya zuba da ido ya ce ai ya isa, kwana kaɗan fistin ya kama silinda ya karce, kuɗin gyara ya kusa kai na sabo. Injinan kamfanoni irin su Stihl da Husqvarna haɗin 50:1 ne, wato mililita (mil) 20 na 2T a lita ɗaya ta fetur, da yawa cikin ƴan China kuma 25:1 sunka rubuta, mil 40 kenan. A duba jikin tanki ko takardarshi, a sayi sirinji a kemis a riƙa aunawa. Kuma man da anka haɗa kar ya wuce wata cikin jarka. In damina ta wuce a juye tanki a tada shi har ya mutu da kanshi, in ba haka ba baɗi kafireta ce za ta toshe. Soson iska a wanke da sabulu ya bushe sarai, ƙurar garinga ba ta da wasa.

Hajiyar Arkilla:
Ni dai nawa ba na gyara ba ne. Yaron da ke yi muna aiki ya cire murfin nan na bayan igiya wai yana rage mishi sauri, ina zaune a baranda sai ji na yi tas, tsakuwa ta fasa gilashin gefen motar maigidan, ya zube kamar gishiri, ga jikata na wasa kusa da motar. Tun ranar in za a tada shi kowa ɗaki, awaki ma a ɗaure.

Ɗan Gawon Nama:
Allah ya tsare gaba Hajiya. Mita 15 kamfanonin ke cewa a ba mai aiki. Kuma murfin nan akwai ƴar wuƙa jikinshi da ke datse igiya daidai tsawo, in an cire igiya ta yi tsawo injin ya wahala.

Mai Gadi, Dambuwa:
Ni ke gyara filin wata makaranta. Kafin in tada sai na zagaya da sanda na tsince duwatsu da waya da kwalabe, macizai ma in akwai su gusa, don kububuwa ba ta gudu da wuri. Takalmin roba mai tsawo, dogon wando, tabarau, ba jallabiya ba silifa. Da hantsi nike gamawa, in rana ta take ni da injin duka mun gaji. Kuma kar a zuba mai salansa na da zafi, a bari ya huce. Ƙananan mangwaro da dogon yaro da hannu nike cire musu ciyawa, igiyar na saɓe musu ɓawo su bushe.

Baban Yara, Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na jiƙa igiyar yanzu haka. Malam makanike, giris ɗin kan nan da ke juyawa fa, wane iri aka sawa, ko na mota zai yi?