Wane suna za mu ba kanji da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu kishin harshe, ga wata matsala da nake so mu warware tare. Wata uku ke nan ina koyon rubutun Japan, kuma na faro daga inda yaransu ke farowa: dutse, kogi, itace, gona, ruwa, wuta. Ranar Asabar ɗan yayata ya leƙa littafina ya ga 山, ya ce, "Kawu, wannan wane baƙi ne?" Na buɗe baki zan amsa, sai na ga babu sunan da zan kira abin da shi da Hausa. Ba baƙi ba ne irin namu, ba wasali ba ne, kuma kiransa hoto bai gamsar da ni ba.

2/ Japanawa suna rubutu da tsari uku a cakuɗe. Biyu daga ciki, hiragana da katakana, na sauti ne, kowanne da alamomi 46 na asali, kowace alama gaɓa guda: ka, ki, ku. Na ukun shi ne kanji. Ma'anar sunan "rubutun Han", wato mutanen Sin, domin daga can aka ɗauko shi, ya biyo ta Koriya wajen ƙarni na 5. Jerin da gwamnatinsu ta tsayar a 2010 don amfanin yau da kullum yana da 2,136. Yaro yakan koyi 1,026 a shekaru shida na firamare, 80 daga ciki a aji ɗaya.

3/ Cikin 80 ɗin nan akwai 山 dutse, kawuna uku a tsaye, ana karanta shi yama. Akwai 川 kogi, layi uku masu gangarowa, kawa. 田 fadamar shinkafa ce da kunyoyinta, ta. 木 itace ne, ki. Ka jera biyu, 林, ka sami kurmi, hayashi. Ka ɗora na uku, 森, ya zama dajin da ya cushe, mori.

Kuma mun daɗe muna furta waɗannan ba mu sani ba. Yamaha 山葉 dutse ne da ganye. Kawasaki 川崎 kogi ne da tsinin ƙasa mai kutsawa cikin ruwa. Honda 本田 tushe ne da gona, sai dai sautin "ta" ya koma "da" saboda haɗuwa. Suzuki 鈴木 ƙararrawa ce da itace. Duk sunayen iyalai ne, kuma iyalan Japan da yawa daga wurin zamansu suka sami suna, kamar yadda mu ma muke da Bakin Kogi da Gindin Dutse.

4/ To, sunan da ya fara zuwa bakin kowa shi ne "harafin Japan". Ban karɓe shi ba. Hiragana ma harafin Japan ce, har ta fi cancantar sunan, tunda a can aka haife ta. In muka ba kanji wannan suna, me za mu kira sauran biyun?

5/ Wani malamina da na tuntuɓa ya ce a fassara sunan kai tsaye, a ce "harafin Sin". Na ce, "Allah gafarta Malam, duk wanda ya riƙe allo, da ya ji harafin sin, س zai gani, mai haƙora uku." Ya yarda nan take. "Harafin Caina" ya kauce wa wannan, amma ya jawo wani ruɗanin, domin 'yan Caina ba sa karanta su yadda Japanawa ke yi, kuma akwai waɗanda a Japan aka ƙirƙire su, babu su a asalin rubutun Sin. Zan dawo kan waɗannan.

6/ Wanda ya fi jan hankalina da farko shi ne "hoton kalma". Yana da daɗin faɗi, kuma in ka tsaya a kan 山 da 川 da 木 za ka rantse daidai ne. Amma ka ɗan matsa gaba. Ga 湖 tafki. Ina hoton tafki a nan? A hagu akwai ɗigo uku, 氵, alamar ruwa. A dama akwai 胡, wanda babu ruwansa da tafki, an ajiye shi ne kawai don sautinsa, wato "ko", kuma tafkin ma "ko" ake karanta shi cikin sunaye, kamar Biwako, tafki mafi girma a ƙasar. Haka 河, wani kogin: ruwa a hagu, 可 mai sautin ka a dama. Mafi yawan kanji haka aka gina su, ɓangare guda ya nuna fagen ma'ana, ɗayan ya nuna sauti. Masu kama da hoto 'yan kaɗan ne, sai dai su ake fara koyarwa, shi ya sa suke rinjayar ido. In muka ce "hoto", mun koya wa ɗalibi ya nemi abin da ba zai samu ba tun daga aji biyu, kuma zai karaya ya ɗauka laifin ƙwaƙwalwarsa ne.

7/ Abin da ya buɗe mini kai lambobi ne. Rubuta 5. Ba ta ɗauke da b ko y ko r, ma'ana take ɗauke da ita. Bahaushe ya ce biyar, Balarabe ya ce hamsa, kowa ya gane. Yanzu sa mata sifili, 50. Ba ma cewa komai mai kama da biyar, hamsin muke cewa. 6 shida ce, 60 sittin. 7 bakwai, 70 saba'in. Alama ɗaya, karatu biyu: ɗaya namu na gado, ɗaya mun aro daga Larabci, kuma babu yaron da ke rikicewa.

Daidai haka kanji yake. 山 shi kaɗai yama ne, kalmar Japanawa ta asali. Amma a sunan dutsensu mafi tsawo, 富士山, mai mita 3,776, san ake karanta shi, Fujisan, sautin da suka aro daga Sin. 海 teku umi ne shi kaɗai, amma a Hokkaido 北海道, arewa da teku da hanya, karatunsa ya zama "kai". 東 gabas higashi ne, a Tokyo 東京, babban birnin gabas, ya zama "to". Su suna kiran na farko kun'yomi, na biyu on'yomi. Ni na ce mu kira su karatun gida da karatun aro. Na gwada wa ɗan yayata da misalin biyar da hamsin, bai sake tambaya ba.

8/ Saboda haka ga inda na tsaya a kan babban sunan. Mu bar kalmar kanji yadda take a matsayin sunan tsarin, kamar yadda muka riƙe ajami. Ta zauna a bakinmu lafiya, babu sautin da ya gagare mu, illa dai a kula kada a ja ta ta koma Kainji. In kuma ana son bayani, ko ana magana a kan guda ɗaya, a ce harafin ma'ana, kishiyarsa harafin sauti. Da waɗannan biyu za ka iya cewa boko da ajami da hiragana haruffan sauti ne, kanji haruffan ma'ana ne.

Na san za a ce, to ai ka gama nuna mana cewa akwai sauti a ciki. Gaskiya ne. Amma abin da ba ya canzawa shi ake raɗa wa suna. 山 zai iya zama yama, ya zama san, amma dutse ne a ko'ina.

9/ Jam'i: ni "haruffan kanji" nake cewa. Kunnena bai ƙi "kanjoji" ba, ya bi ƙa'idar taga da tagogi, amma wannan baki ne zai yanke, ba ni ba.

10/ Saura ɗigo ukun nan na ruwa da 'yan uwansu. Japanawa suna kiran irinsu bushu, kusan "kan babi", domin da su ake jera ƙamus. Ƙamus na Kangxi da aka kammala a Sin a 1716 ya jera su 214, kuma har yau a kansa ake tafiya. An ba ni shawarar "tushe" ko "saiwa". Masu nazarin Hausa sun riga sun ba waɗannan aiki a ginin kalma, kuma ba su dace ba ma, domin 海 bai tsiro daga 氵 ba. Abin da ɗigon ke yi shi ne nuna dangi. Ka ga 海 teku, 湖 tafki, 池 kududdufi, 波 igiyar ruwa, ka san 'yan gida ɗaya ne tun kafin ka iya karanta su. Wannan kuwa muna da kalmarsa: tsaga. Kakanninmu da tsagar fuska suke gane daga ina mutum ya fito kafin ya buɗe baki. Sai mu ce tsagar ruwa, tsagar dutse, tsagar itace. 島 tsibiri, shima, wanda ke cikin Hiroshima 広島, faffaɗan tsibiri, yana ɗauke da 山 a ƙasansa. 崎 na Kawasaki da Nagasaki yana ɗauke da shi a gefe. 松, itacen matsu, yana da tsagar itace. Wannan kalmar ita na fi amincewa da ita cikin duk abin da na kawo.

11/ Kowane layi da alƙalami ke yi ba tare da an ɗaga shi ba, mu ce ja. 山 ja uku, 木 ja huɗu, 森 ja 12. Almajirai sun riga mu, suna da mim jaye da lam jaye.

12/ Waɗanda na ce zan dawo kansu. 畑 wuta ce a gefen gona, ma'anarsa gonar tudu, hatake, wadda ba ta fadama ba. Duk manomin da ya taɓa ƙona sassabe kafin damina ya gane dalilin wutar. 峠 dutse ne a hagu, sama da ƙasa a dama, ma'anarsa inda hanya ke gama hawa dutse ta fara gangara, toge. Su biyun a Japan aka ƙera su, don haka karatun gida kawai suke da shi, babu na aro. Na jarraba kalmominmu a kansu: "峠 harafin ma'ana ne mai tsagar dutse, ja tara, ba shi da karatun aro." Jimlar ta tsaya da ƙafarta. Japanawa suna ce wa irin waɗannan kokuji. Na rubuta "haifaffen gida" a gefen littafina da fensir, ban sa tawada ba tukuna. Malamai da ɗalibai, wanda yake da abin da ya fi shi ya kawo.