Muhawara: Shin rahoton mako-mako na sassan hukumar gari ɓata lokaci ne?

Tsohon akawu: Assalamu alaikum. Zan faɗi ra'ayina kai tsaye, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Na shafe shekaru masu yawa a ofishin sakataren hukumar wani ƙaramin birni, kuma ni ne nake tattara rahoton da kowane sashe yake kawowa a ƙarshen mako, tun daga sashen ruwa da na ayyuka da na tsaftar muhalli, har zuwa 'yan kwana-kwana da baitulmali. Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne cewa rahoton nan ɓata lokaci ne da ɓata takarda. Shugaban sashe da ba shi da ma'aikata sai 'yan ƙalilan zai bar leburorinsa a bakin aiki, ya zauna rabin yini yana rubuta cewa an kwashe shara kamar yadda aka saba, an cike ramukan titi, an canza ƙwayayen fitilun da suka mutu. Idan ka ajiye rahoton wannan mako kusa da na makon jiya, kamar an tsaga kara. Kansiloli su karɓa, su saka a fayil, ƙura ta rufe shi. A ganina aiki shi ke bayyana kansa, domin mutumin da ya fito gida ya tarar an kwashe bola kuma kwata tana gudu ba ya buƙatar a rubuta masa haka. Gani ya kori ji.

Injiniyan ruwa: Wa alaikumus salam, Malam. Gani yana korar ji a kan abin da ido yake iya gani, amma mafi yawan abin da hukumar gari take ɗawainiya da shi yana ƙarƙashin ƙasa ko cikin bututu, inda ido ba ya kaiwa. Bari in ba ka misali daga aikin da na sani. Kowace safiya ma'aikacin gidan ruwa yana tarar ruwa a 'yar ƙaramar kwalba, ya jefa ƙwayar gwaji a ciki, ya girgiza, sannan ya ɗaga kwalbar ya dubi launin. Idan ruwan ya yi ja-ja, akwai sauran sinadarin kulorin da zai kashe ƙwayoyin cuta a kan hanyarsa ta zuwa gidaje. Idan ya tsaya fari fat, babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sauran kulorin ya gaza miligiram 0.5 a kowace lita bayan ya yi minti 30 a cikin ruwan, kuma kada ya gaza 0.2 a inda ruwan yake isa ga mai sha. Mai buɗe famfo a gidansa ba shi da hanyar da zai bambanta ruwan da ya cika wannan sharaɗi da wanda bai cika ba, domin dukansu garau suke a cikin kofi.

Saboda haka lambar nan da kake gani tana maimaita kanta mako bayan mako, har ta gundure ka, ita ce shaidar cewa mutanen gari suna cikin aminci. Ranar da ta sauya ita ce ranar da ake buƙatar wani ya lura. A watan Mayu na 2000, a garin Walkerton da ke lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, garin da mutanensa ba su kai 5,000 ba, ruwan sama mai ƙarfi ya wanko ƙwayar cutar E. coli daga kashin shanu na wata gona zuwa cikin ɗaya daga rijiyoyin da garin yake sha. Mutum 7 suka rasu, fiye da 2,300 suka kamu da rashin lafiya. Da ana auna kulorin kullum kamar yadda ƙa'ida ta tanada, da an ga ya ɓace tun kafin cutar ta bazu haka.

Tsohon akawu: Injiniya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, amma misalin da ka kawo ni yake goyon baya. A Walkerton akwai takardun aikin yau da kullum, kuma an cike su. Binciken da alƙali Dennis O'Connor ya jagoranta, wanda rahotonsa ya fito a 2002, ya gano cewa ma'aikatan gidan ruwan sun daɗe suna rubuta lambobin kulorin da ba su auna ba. Wato takarda ta cika, sa hannu ya cika, ruwa kuma babu kariya. Alƙalami ba ya gardama da hannun da yake riƙe da shi. Wannan shi ne ainihin abin da nake tsoro: rahoto yana sa shugabanni su kwanta da zaton komai lafiya, alhali da babu shi, wataƙila da sun tashi sun je sun duba da idonsu.

Tsohuwar jami'ar duba-gari: Malam, ka yi gaskiya a rabin maganar, amma ka bar sauran rabin a baya. Akwai bambanci tsakanin littafin da ma'aikaci yake cikewa ya mayar cikin aljihun tebur, da rahoton da yake fita daga sashensa ya isa hannun wanda ba ya ƙarƙashinsa. Abin da ya faru a Walkerton ya fi kusa da na farko. Sakamakon gwaji ya dawo daga ɗakin bincike yana nuna ruwan ya gurɓata, amma ya tsaya a hannun manajan gidan ruwa, domin a lokacin babu dokar da ta tilasta wa ɗakunan bincike masu zaman kansu su sanar da hukuma. Jami'an lafiya sun kira shi a ranakun 19 da 20 ga Mayu, lokacin da yara suka fara zuwa asibiti da gudawa mai jini, bai gaya musu abin da ya sani ba. Sai a ranar 21 suka yanke shawarar kansu, suka umarci jama'a da su tafasa ruwa kafin su sha. Binciken ya kiyasta cewa da ya faɗi gaskiya a ranar 19, da an kare mutum 300 zuwa 400 daga kamuwa. Kwana biyu kacal. Cutar da ta kama garin nan ita ce labari ya maƙale a sashe ɗaya bai tsallaka zuwa ɗaya sashen ba, kuma maganin wannan shi ne ainihin abin da kake so a soke.

Ko a inda rai ba ya cikin haɗari, rashin wannan tsallakawa yana cin dukiyar jama'a. Na taɓa tsayawa a bakin wani titi da aka shimfiɗa wa sabuwar kwalta, ko warinta bai gama fita ba, ina kallon ma'aikatan ruwa suna fasa shi da diga domin sauya tsohon bututun da suka daɗe da sanin ya ruɓe. Babu mugun nufi a cikin abin, illa dai sashen ayyuka bai san jadawalin sashen ruwa ba, shi ma sashen ruwa bai san nasu ba, alhali ofisoshinsu a gini ɗaya suke. Facin da aka yi a wurin shi ne ya fara zama rami da ruwan sama ya sauka. Layi biyu a rahoton mako, da a ce akwai mai karantawa, da sun isa a jinkirta kwaltar har a gama da bututun.

Ɗalibin nazarin mulki: Baba, da Hajiya, ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni karatu na yi ba aiki ba. Ina ganin matsalar da Baba ya bayyana ta rashin mai karantawa ce, kuma an taɓa magance ta. A shekarar 2000 magajin garin Baltimore na Amurka, Martin O'Malley, ya kafa tsarin da ake kira CitiStat, wanda aka kwaikwayo daga tsarin da 'yan sandan New York suka fara a 1994. Duk mako biyu shugaban kowane sashe yana tsayawa gaban magajin gari da mataimakansa, an haska alƙaluman sashensa a bango, ana yi masa tambaya a kan koke-koken da suka shigo, da waɗanda aka warware, da ma'aikatan da ba su zo aiki ba, da kuɗin aikin bayan lokaci. Har alƙawari suka yi wa jama'a cewa duk ramin titin da aka kai ƙorafinsa za a cike shi cikin awa 48. Rahoton da aka san za a yi wa mutum tambaya a kansa a gaban shugabansa ba zai zama kwafin na makon jiya ba.

Tsohon akawu: Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka kawo hujja mai nauyi, amma ka lura da abu biyu. Baltimore birni ne da mutanensa suka haura 600,000 a lokacin, yana da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai tace alƙaluma. A ƙaramin gari mutum ɗaya ne yake duba gine-gine, shi ne yake ba da izinin gini, wani lokaci ma shi ne yake amsa waya. Duk awar da ya ɓatar a kan jadawali, daga aikin fili aka cire ta. Na biyun ya fi damuna. Masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, ya yi nuni tun a 1975 cewa ma'auni yana lalacewa da zarar an mayar da shi abin da ake hukunta mutane da shi. Ka ce wa shugaban sashen ayyuka da yawan ramukan da ya cike za a auna shi, za ka ga ya bi ƙananan ramuka masu sauƙi yana watsa musu kwalta ba tare da ya share ƙura ya daddaɓe ƙasan ba, ya bar kwalbatin da ya toshe, wanda shi ne yake tara ruwan da ke cinye titin tun farko. Adadi zai yi kyau a takarda, titi kuma ya koma gidan jiya bayan 'yan makonni.

Injiniyan ruwa: A nan na yarda da kai, Malam, ba tare da wata ja-in-ja ba. Na ga irin wannan faci da idona. Amma abin da hujjarka ta rusa shi ne rahoton da yake ƙirga abin da aka yi, kuma shi ne irin wanda ka saba tattarawa. Rahoton da nake karewa shi ne wanda yake faɗin abin da ba a yi ba da dalilin da ya hana. Koke nawa ne suke jira, kuma wanda ya fi daɗewa a cikinsu kwana nawa ya yi? Wace mota ce take kwance a gareji, tun yaushe, wane kayan gyara ake jira? Ruwa nawa aka tura cikin bututu, nawa ne ya isa mitocin gidaje, domin giɓin da ke tsakani shi ne yoyon da ba a gani? Irin wannan ba ya cin rabin yini, shafi ɗaya ya ishe shi, kuma yana da wuyar yi wa kwalliya, domin mai koken da ya yi wata uku yana jira yana nan da ransa, zai iya ƙaryata duk wanda ya ce an gama da shi.

Ka ɗauki 'yan kwana-kwana. A ƙaramin gari za a iya yin makonni ba a yi gobara ba, don haka idan abin da aka yi kawai za su rubuta, shafinsu zai zama fanko, har wani kansila ya fara tunanin rage musu kasafi. Amma aikinsu na gaskiya a irin waɗannan makonni shi ne tayar da injin motar, gwada famfon feshi, warware tiyo a duba ko ya tsage, da zagaya famfunan gobara na bakin titi a tabbatar suna buɗewa kuma ruwan yana da ƙarfi. Idan an tarar da guda ya ƙi buɗewa, gyaransa a hannun sashen ruwa yake, kuma hanyar da wannan labari zai iso teburina ita ce rahoton da muke magana a kai.

Tsohuwar jami'ar duba-gari: Ina so in ƙara sharaɗi ɗaya, Injiniya, domin kada mu bar tsoron Malam ba amsa. Duk lambar da mutum ya rubuta a kan aikin kansa tana buƙatar wani daga waje ya gwada ta lokaci zuwa lokaci, ba tare da sanarwa ba. Lokacin da nake aiki nakan ɗauki kwalbata in je famfon da ya fi nisa da gidan ruwa, a ƙarshen layin bututu inda kulorin yake fara ƙarewa, in auna da kaina, sannan in kwatanta da abin da aka rubuta. Ba zargin kowa nake yi ba, kuma ma'aikatan kirki sun fi kowa son haka, domin yana wanke su. Sannan ma'aunin gaskiya yana hawa yana sauka gwargwadon zafi da sanyi da ruwan sama, saboda haka littafin da lambarsa ba ta taɓa motsawa ba tsawon wata guda shi ne ya kamata a fara tuhuma. Wannan kuwa sai wanda yake karanta rahoton a jere, mako bayan mako, zai iya ganinsa.

Tsohon akawu: Hajiya, idan shafi ɗaya ne, yana faɗin abin da ya maƙale, kuma akwai mai fita ya gwada, to na janye maganata a kan sashen ruwa da 'yan kwana-kwana da garejin motoci, domin a can jinkirin mako guda yana iya zama asarar rai. Amma ban janye ba a kan baitulmali da ofishin izinin gini da masu kula da wuraren shaƙatawa. Kuɗin shiga ba ya nuna alƙiblarsa a cikin kwana bakwai, kuma tilasta wa ma'aji ya kawo rahoto duk mako zai sa kansiloli su riƙa firgita a kan hawa da saukar da ba ta da ma'ana. Waɗannan a bar su a kan wata-wata.

Ɗalibin nazarin mulki: Baba, a kan baitulmali na bi bayanka, amma ofishin izinin gini ina roƙon ka sake dubawa. Mutumin da ya kai takardunsa yana jiran sa hannu, ya riga ya yi magana da birkila, kayan gininsa suna zube a fili, kowane mako a wurinsa asara ce. Idan sau ɗaya a wata ake bayyana fayilolin da suke jira, fayil zai iya kwana 30 a kan tebur kafin wani a wajen ofishin ya san da zamansa, kuma a irin wannan duhun ne ake fara raɗa wa mai nema cewa akwai hanyar da za a bi a gaggauta masa. Ni dai ina ganin a saka wannan ofishi cikin na mako-mako, ko da layi ɗaya ne mai nuna adadin fayilolin da suke jira da ranar da mafi daɗewa a cikinsu ya shigo.