Neman shawara: a ɗumama allurar rigakafi kafin a yi wa yaro?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na kai yarona rigakafin wata 9 a wani ƙaramin asibiti nan Daura. Sai da muka zauna kusan awa guda, wai a bari yara su taru. Can malamar ta buɗe kula mai robobin ƙanƙara, ta ɗauko 'yar kwalba mai gari a ciki, ta zuba mata wani ruwa da sirinji, ta jujjuya, sannan ta fara yi. Da dare jikinsa ya ɗan yi ɗumi. Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ce sanyin allurar ne ya shige shi, da ma an fara murza kwalbar a tafin hannu. Za mu koma yana wata 15. In roƙe su su ɗumama?

Wata malamar asibiti: Wa'alaikumus salam. 'Yar uwa kada ki roƙa, ko kin roƙa ba za su yi ba. Garin nan allurar ƙyanda ce, zafi da hasken rana ne ke kashe ta. Ruwan haɗin ma nata ne, tare suke zuwa daga kamfani ɗaya, kuma sai an sanyaya shi tsakanin digiri 2 zuwa 8 kafin a haɗa. Da zarar an haɗa, awa 6 gare ta, abin da ya rage a zubar. Kwalba ɗaya ta yara 10 ce, shi ya sa wasu ke jiran taro, ko da yake ni a ganina ko yaro ɗaya ne a buɗe masa, asarar kwalba ta fi sauƙi a kan uwa ta tafi ba ta dawo ba. Ɗan ɗumin jiki bayan rigakafi ba baƙon abu ba ne. In ya wuce kwana 2, ko ya ƙi nono, ki maida shi asibiti.

Mai aiki a ma'ajiyar rigakafi, Katsina: Malama ta gama magana. Ƙarina kawai, ba kowace ke son ƙanƙara ba. Ɗigon shan inna ne muke daskararwa a digiri 15 zuwa 25 ƙasa da sifili. Penta kuwa, allurar da ke kare yaro daga cututtuka biyar, in ta daskare ta mutu, shi ya sa ake barin robobin ƙanƙarar a waje sai an girgiza an ji ruwa na motsi kafin a jera su a kula.

Wadda ta ba mu wuya ita ce Pfizer ta korona a 2021, mai zama a wajen digiri 70 ƙasa da sifili. Ita ma ba a kai ta kusa da wuta. A lokacin, a firji take narkewa cikin kamar awa 3, a juya kwalbar sama da ƙasa a hankali sau 10, ban da girgizawa, a zuba ruwan gishiri na asibiti mil 1.8, ta ishi mutum 6. In ta narke ba ta komawa ƙanƙara.

Wata uwa: Ni dai tambarin jikin kwalbar nake leƙawa, da'ira ce da murabba'i a tsakiya. In murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, zafi ya taɓa ta. Ki ce su nuna miki, ba laifi ba ne.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Jikin ya sauka tun da safe. Yanzu saura yadda zan faɗa wa Hajiya.

Wata malamar asibiti: Ki taho da ita ranar wata 15 ɗin, ta ji daga bakin masu farin kaya.