Wasiyyar kwamfuta: ko akwai wanda ke da kalmar da ta fi ta?

Jama'a, ga wata kalma da ta hana ni ci gaba da darasin da nake shirya wa yaran da nake koya wa gyaran kwamfuta: crash log. Wato ɗan bayanin da babbar manhaja ke rubutawa a daidai lokacin da ta rikice ta faɗi, wanda mai gyara zai karanta bayan an sake kunnawa.

Na fara jin buƙatarsa ne a kan wata kwamfutar Linux da muka bari tana aiki a shago. Kullum da safe sai mu tarar ta kashe kanta ta sake tashi cikin dare. In buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin babbar manhaja, allo ya nuna mini komai lafiya, kamar yaron da ya fasa tulu ya share wurin. Ashe bayanan a RAM suke, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi, suna gogewa da zarar ta sake tashi. Na ƙirƙiri folda /var/log/journal don journald, mai tattara bayanan na'ura, ya riƙa ajiyewa a faifai, umarnin journalctl -b -1 ya nuna mini na jiya, amma layin ƙarshe, wanda nake nema, babu shi. Zuciyar manhajar, wato kernel, ta mutu kafin a kai shi faifai.

Wani ɗan'uwa ya ce mu kira shi baƙin akwati, tunda kowa ya saba jinsa a labaran haɗarin jirgin sama. Yallaɓai, shawarar ta yi, sai dai akwati mazubi ne, mu kuwa abin da ke ciki muke nema wa suna. Wata malama ta kawo rajistar haɗari. Wannan na ɗauki rabinsa: rajista ta dace da bayanan yau da kullum, waɗanda na'ura ke rubutawa tana cikin ƙoshin lafiya. Haɗari kuma mota yake tuna wa mutum.

Ni dai wasiyya nake gani.

Ku duba yadda abin yake aiki. A Linux akwai pstore, tsarin adana bayanan faɗuwa, wanda ya shigo a 2011. Ɗaya daga cikin dabarunsa, ramoops, shi ne a keɓe wani ɗan yanki na RAM da ba a taɓawa. Idan zuciyar manhaja ta ga mutuwa ido da ido, sai ta yi maza ta zuba kalamanta na ƙarshe a nan. In an tashi, a same su a /sys/fs/pstore. Sharaɗin shi ne kada wuta ta yanke, wanda a wajenmu ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Shi ya sa na fi natsuwa da injin da ke iya ajiyewa a ma'ajiyar UEFI, wato manhajar da ke tayar da injin, don ita ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Kdump, wata dabarar ta Linux, ma ya fi kama da abin da nake faɗa: ana ajiye wata zuciya ta biyu a gefe, ba ta komai, tana jira. Da ta farko ta mutu, sai ta biyun ta karɓa ta kwashe abin da ke ƙwaƙwalwa ta rubuta. Wannan ai shi ne mai zaman jinya da aka ce ya ɗauko biro.

Windows ma haka ne: shuɗin allon nan da aka saba gani idan ta faɗi, sannan a sami bayanan a fayil ɗin MEMORY.DMP ko ƙananan fayiloli a foldar Minidump.

Malamar ta dawo ta ce, to ai kwamfutar ba mutuwa ta yi ba, suma ta yi, wanda ya farfaɗo kuwa ba a karanta masa wasiyya. Gaskiya ta ɗaure ni na ɗan lokaci. Amma Malama, ƙarfen ne ya farfaɗo. Manhajar da ke gudana jiya ta tafi da duk abin da ta sani, wadda ta tashi yau magajiya ce, ba ta san me ya faru ba sai ta karanta abin da aka bar mata.

Na gwada a kan yaran. Na ce wa ɗaya, "Je ka duba ko ta bar wasiyya." Bai tambaye ni ma'ana ba, ya je ya dawo ya ce, "Oga, ba ta bari ba, wuta aka ɗauke."

Sai dai har yanzu kernel ɗin nan da nake ta kira zuciya ban gamsu da ita ba. Wani ya ce ƙwaya, wani ya ce cibiya. Wa ke da wata?