Ƙungiyar da Yara Suka Yi wa Yawa: Wa Zai Riƙe Ta a Cikin Fili?

Mai Raba Ƙwallo:
Assalamu alaikum. Ina aji uku a jami'a, kuma a makon jiya kocinmu ya naɗa ni kyaftin na ƙungiyar ƙwallon kwando, ba don na fi kowa iya wasa ba, sai don manyanmu biyar sun kammala karatu lokaci guda, aka bar mu da 'yan shekarar farko takwas cikin mutum goma sha biyu. A wasan sada zumunta na farko muna kan gaba da maki tara, sai abokan karawarmu suka tare mu tun daga gindin kwandonmu, sau uku a jere muka kasa ƙetare tsakiyar fili cikin daƙiƙa takwas ɗin da doka ta bayar, kowa ya juya yana kallon benci. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali su gaya mini abin da suka gani.

Tsohon Kyaftin:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kallon bencin nan da ka ambata shi ne cutar, kuma mu ma mun sha fama da ita. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda muke wasa da ita, ɗan wasa ba ya neman a tsayar da wasa don a yi shawara, koci ne ke nema a teburin masu rubuta maki, kuma damar da yake da ita biyu ce kafin hutun rabin lokaci, uku bayansa. Idan ya ƙarar da su, duk ihun da zai yi daga gefen fili ba ya shiga kunnen yaron da zuciyarsa ke dukan uku-uku. Abin da na koya shi ne amfani da ɗan tsaikon da ake samu kafin jifan da ake bai wa wanda aka yi wa keta. Nakan tara su huɗun, mu haɗa kai, in faɗi abu ɗaya tak: wane zai karɓi ƙwallo, wane ya tsaya a tsakiya. Idan na faɗi abu uku, babu wanda zai riƙe ko ɗaya. Ka kuma sani cewa kyaftin ne doka ta ba damar tambayar alƙalin wasa bayani cikin ladabi idan an tsayar da agogo, saboda haka ka hana yaranka yi masa gardama, domin na ga wasan da muka rasa saboda bakin yaro ɗaya.

Mai Lamba Bakwai:
Ni daga ɓangaren yaran zan yi magana, domin ba kowane babba ne jagora ba. Shekarar da na shiga ƙungiyar makarantarmu, manyan sun ɗauki shugabanci a matsayin aike: mu ne ɗaukar ƙwallaye, mu ne sharar fili, mu ne sayo ruwan leda. Idan ka jefa ka kuskure, harara za ta biyo baya, har na kai ga ko ina tsaye ni kaɗai a gaban kwando sai in miƙa wa wani don tsoro. Wanda ya ceto ni wani ɗan aji huɗu ne da da ƙyar yake samun minti biyar a wasa. Kullum bayan sallar asuba yakan buga mini ƙofa, mu je fili, ya tsaya ƙarƙashin kwando yana dawo mini da ƙwallo har in jefa ɗari. Bai taɓa zama kyaftin ba, amma idan ya yi gyaran murya a benci kowa yakan natsu, har su manyan.

Ɗalibi a Amurka:
Abin da ɗan'uwa mai lamba bakwai ya faɗa ya tuna mini da muhawarar da ake yi a nan duk watan Maris, lokacin gasar jami'o'i ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Ban buga wa makarantarmu ba, amma na yi shekara biyu ina taimaka wa ƙungiyar wajen ɗaukar bidiyon atisaye, kuma misalai biyu ne masu horarwa ba sa gajiya da kawowa. Na farko Jami'ar Michigan, wadda ta kai wasan ƙarshe a 1992 da 'yan shekarar farko biyar, ta sake kaiwa a 1993. A wasan na 1993, saura daƙiƙa 11 Jami'ar North Carolina na gaba da maki biyu, ɗan wasan Michigan Chris Webber ya nemi a tsayar da wasa alhali damarsu ta ƙare (a dokarsu ɗan wasa na iya nema), aka hukunta su, suka sha kashi 77 da 71. Na biyu Jami'ar Duke a 2015, inda Quinn Cook, ɗan shekarar ƙarshe, ya bar wa sabon shiga Tyus Jones aikin raba ƙwallo ba tare da ƙorafi ba, suka doke Wisconsin 68 da 63 suka ɗauki kofin. Na ga irin wannan da idona a atisayenmu: ranar da babba ya yarda yaro ya fi shi a wani abu, ya kuma faɗa a gaban kowa, ranar yaran suka fara sauraronsa a kan sauran abubuwa.

Tsohuwar 'Yar Wasa:
Ku gafarce ni, duk maganar cikin fili kuke yi, alhali mu a wajen fili ƙungiyarmu ta kusa watsewa. Lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, mun warwatsu garuruwa, kuma yawancinmu sababbi ne da ba su gama sanin juna ba. Kyaftin ɗinmu ta buɗe mana zaure a WhatsApp, duk Juma'a kowa sai ta faɗi atisayen da ta yi, ko da tsallen igiya ne a tsakar gida. Akwai yarinyar da mahaifinta ya ce ta bar wasan, kyaftin ɗin ce ta je har gidansu tare da mahaifiyarta, suka nuna masa irin suturar da muke sawa da lokutan atisaye, ya amince. Da aka koma makaranta, mutum ɗaya kawai muka rasa.

Tsohon Kyaftin:
Gaskiyarki, 'yar'uwa, kuma na manta da batun karatu. Yaron da ya faɗi jarrabawa ba shi da amfani a ƙungiya, don haka nakan karɓi jadawalin darussan kowa a farkon zango, in kai wa koci kafin ya tsara lokacin atisaye.

Mai Raba Ƙwallo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gaskiya akwai yaro a cikinsu da ya fi ni riƙe ƙwallo idan an matsa, kuma na daɗe ina kawar da kai. Gobe zan tunkari koci da maganar a ba shi ɗauko ƙwallo daga baya, ni in koma gefe. Asabar mai zuwa muna da wasa, zan dawo in ba ku labarin yadda ta kaya.